Kafin Ka Biya Kuɗin Maus, Ɗora Hannunka a Kansa

Ƙannena maza da mata na Kuje, musamman ku da kuka fara neman na kanku da kwamfuta, ina so mu yi magana a kan linzamin kwamfuta, wato maus ɗin nan da hannunku ke yini a kansa. Na lura yaro zai shafe makonni yana tambaya a kan laftof: nawa ne ram ɗinta, wane firosesa gare ta, awa nawa batirinta ke yi. Ranar da ya biya kuɗi kuwa, sai ya ce wa mai shago, "Oga, a saka mini maus gyara mana." Mai shago ya zura hannu cikin kwali, ya ɗauko wanda ya fi kowanne araha, ya jefa masa a jaka. Ba a jima ba sai ka gan shi yana buga abin a kan tebur don haushi. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Abin yana damuna ne saboda na san abin da ke rataye a kan wannan ɗan abu. Wata tana haɗa katin biki da kalanda da CorelDraw. Wani yana cika wa mutane fom a intanet a wani shago kusa da sakateriyar ƙaramar hukuma. Wani ɗalibi ne a Jami'ar Abuja, yana zanen gini da AutoCAD. Wani kuma da rana yana shigar da lissafin kanti a Excel, da dare ya shiga wasa da abokansa. Duk cikinsu babu wanda zai yi awa guda bai taɓa maus ba. Ko jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, sai da hukumar ta fito da tsarin maɓallai takwas a 2017 domin ɗaliban da hannunsu bai saba da maus ba su iya amsa tambayoyi ta kibod. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa sarrafa shi ƙwarewa ce, kuma ƙwarewa tana son kayan aiki na kirki.

Ga kuma batun nisa da kuɗi. Daga Kuje zuwa tsakiyar Abuja kusan kilomita 40 ne. In ka ɗauko jabu daga Banex da ke Wuse 2, mayar da shi na nufin kuɗin mota zuwa da dawowa, da cunkoson hanyar filin jirgi wajen Lugbe, da asarar yini guda. In daga Rubochi ko Gaube ka fito, lissafin ya ƙaru. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigo da shi daga waje ya yi tsada, kuma maus daga waje yake zuwa. Kuɗin da za ka kashe, ko guminka ne ko na iyayenka, bai kamata a zubar da shi sau uku a kan abu ɗaya ba.

Maus na farko da aka ƙera, a cibiyar bincike ta Stanford da ke Amurka a 1964, ɗan akwatin katako ne mai maɓalli ɗaya da tayoyi biyu a ƙasa. Douglas Engelbart ne ya kawo tunanin, abokin aikinsa Bill English ya haɗa shi, aka nuna wa duniya a birnin San Francisco ranar 9 ga Disamba, 1968. Daga baya aka koma mai ƙwallo a ciki, wanda yayyenku suka sha kwancewa suna kankare dattin da ya daskare a jikin sandunansa. Daga 1999, lokacin da Microsoft ya fitar da IntelliMouse mai aiki da haske, ƙwallo ya fara ɓacewa. Na yanzu ɗan ido ne a ƙasansa, yana ɗaukar hoton saman tebur sau dubbai a cikin sakan guda, yana gwada wannan da wancan don ya gane inda hannunka ya nufa. Idon nan da wuya ya lalace, domin babu abin da ke motsi a cikinsa. Abubuwan da ke kashe maus su ne masu motsi: suwic ɗin da ke ƙarƙashin maɓalli, tayar tsakiya, da waya. A nan ya kamata hankalinka ya tsaya.

Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai wani ɗan akwati baƙi, bai kai ƙwayar gyaɗa girma ba, da ɗan kai a samansa. A cikinsa akwai siririn ƙarfe mai lanƙwasa. In ka danna, ƙarfen ya sauka ya taɓa ɗan'uwansa, wuta ta wuce, kwamfuta ta san an danna. Ƙarar "ƙas" ɗin da kake ji, tasa ce. Yau da gobe ƙarfen yana gajiya, bakinsa yana yin tsatsa da datti, sai ya daina kamawa da kyau. Ka danna sau ɗaya, kwamfuta ta ƙirga biyu. Ko ka danne kana jan abu, ya sake shi a tsakiyar hanya.

Na tsaya a bayan wata yarinya a shagon buga takardu tana haɗa katin ɗaurin aure, mai katin yana zaune a benci yana jira. Ta kamo sunan ango za ta kai shi ƙasan na amarya, kafin ta isa sunan ya suɓuce ya faɗa kan hoton fure. Ta mayar, ta sake kamowa, ya sake suɓucewa. Sai ta koma danna maɓallin da ƙarfi har farcenta ya yi fari, kafaɗarta ta ɗage. Mai katin ya fara duba agogo, yana ganin kamar ba ta iya aikin ba. Ta iya sarai. Ɗan ƙarfen da ke cikin maus ɗinta ne ya gaji, ita kuma take biyan bashinsa da mutuncinta a idon kwastoma.

Saboda haka in kana duba maus, ka tambayi irin suwic ɗin da ke cikinsa. Kamfanonin da aka sani da yin sa su ne Omron na Japan, da Kailh da Huano na China. Za ka ga an rubuta a kwali cewa zai jure danni miliyan 10, ko 20, ko 50. Ka ɗauki wannan a matsayin alama kawai, domin a ɗakin gwaji mai tsabta na'ura ta ƙirga shi, ba a shagon da ƙura ke shiga ta taga ba, kuma suwic na iya fara ninka danni tun bai kai adadin ba. Akwai sabon samfuri da ke aiki da haske a maimakon haɗuwar ƙarfe da ƙarfe, wanda Razer ya saka a maus ɗinsa Viper a 2019, wasu kamfanoni ma suna yi. Shi ba ya fama da wannan ciwo na ninka danni, sai dai kuɗinsa ya fi yawa. In aljihunka ya kai, kuma danni ne sana'arka, ya cancanci kuɗinsa.

Tayar tsakiya ita ce ta fi shan wahalar garinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na shigo da ƙura mai laushi ta kowace kafa, ga ta titunan unguwa da ba a sa musu kwalta ba. Ƙurar nan tana taruwa a cikin abin da ke ƙirga juyin tayar. Alamarta ita ce ka gangara ƙasa a shafi, ya yi tsalle ya koma sama. Da damina kuma danshi ya haɗu da gumin hannu, robar da aka lulluɓe wasu maus da ita ta fara ɗanko tana saɓulewa. Ni na fi son mai jikin roba mai tauri wadda ba a shafa mata komai ba. Waɗanda aka huhhuda bayansu kamar saƙar zuma don su yi sauƙin nauyi kuwa, ba na ba ɗan Kuje shawarar sayensu.

Waya kuma kusan kullum a wuri ɗaya take karyewa, daidai inda ta fito daga hancin maus. Duba wurin, ka ga ko an yi masa kauri da roba mai lanƙwasa. Kuma ka daina naɗe wayar a jikin maus kana ɗaurewa tamau in za ka saka a jaka.

Yanzu ga lambobin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali, waɗanda su ne ke sace zuciyar samari. Na farko DPI. Ma'anarsa ɗigo nawa kibiya za ta yi tafiya a allo in ka matsar da maus inci ɗaya. Yi lissafin da kanka. Allo mai faɗin ɗigo 1920, in maus yana kan 800, hannunka zai yi tafiyar kusan santimita 6 kafin kibiya ta ƙetare shi. A kan 1600, santimita 3. A kan 16,000 kuwa, milimita 3 kacal, wato ko numfashi ka yi kibiya ta ɓace maka. Shi ya sa ƙwararrun 'yan wasan Counter-Strike, waɗanda da shi suke cin abinci, galibinsu tsakanin 400 zuwa 1600 suke ajiye nasu. Laftof da yawa da ke hannunmu ma faɗin allonsu 1366 ne. To me za ka yi da dubu goma sha shida? Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne ingancin idon: ya bi hannunka daidai, kada ya yi rawa in kana tafiya a hankali, kada ya ruɗe in ka fizga. Kamfanin PixArt na Taiwan ne ke yin yawancin idanun da ake yabo, Logitech kuma yana da nasa mai suna HERO. In kwali ya cika baki da DPI amma bai faɗi sunan idon ba, ka yi hattara.

Lamba ta biyu ita ce sau nawa maus ke kai wa kwamfuta rahoto a sakan guda. Na ofis yakan yi sau 125, wato duk bayan milisakan 8. Na wasa yakan yi sau 1000, duk bayan milisakan 1. Ga mai wasan harbi bambancin yana da amfani, ga mai Excel babu. Sama da 1000 kuwa, a allon da ke sabunta hoto sau 60 a sakan, da intanet ɗin da saƙonsa kan ɗauki milisakan ɗari ko fiye kafin ya je Turai ya dawo, kuɗi ne kawai za ka ƙara. Fitilu masu canza launi su ma ba sa ƙara wa maus kwana ko ɗaya. In marar waya ne ma, batir suke sha.

Kafin duk wannan, ka yi wa kanka tambaya ta gaskiya: wane wasa nake yi? In ƙwallo kake bugawa, FIFA ko eFootball, fad kake buƙata. In Free Fire ne ko PUBG ko Call of Duty a wayar hannu, yatsunka ne ke aiki a kan gilashi. Maus na wasa na mai Counter-Strike ne, da Valorant, da Dota 2 da makamantansu a kwamfuta. In ba ka cikin waɗannan, maus na ofis mai inganci ya ishe ka, ragowar kuɗin ka sayi data ko ka ƙara ram. In kuwa kana haɗa aiki da wasa a kwamfuta ɗaya, shawarata ka sayi na wasa mai sauƙin fasali, marar tarkacen maɓallai, irin Logitech G102 ko Razer DeathAdder Essential. Zai yi maka zane da rana, ya yi maka wasa da dare. Na ofis ba lalle ya iya biyun ba. Ba na cikin masu ganin wasa ɓata lokaci ne kawai. Yana wartsake ƙwaƙwalwa, yana haɗa zumunci. Amma maus ɗin da aka saya da kuɗin aiki, aiki ne ya fi haƙƙi a kansa, kuma kada wasan dare ya cinye maka sallar asuba ko alƙawarin kwastoma.

Sai batun hannu, wanda babu kwalin da zai gaya maka. Ku dubi manomi in ya zo sayen fartanya ranar kasuwar Kuje. Ba ya tsayawa kallon ƙyallin ƙarfe. Ɗaga ta yake yi, ya ji nauyinta, ya riƙe ƙotar, ya sunkuya ya gwada sara a ƙasa, domin ya san da ita zai yini. Haka za ka yi. Mutane iri uku ne wajen riƙo: mai kwantar da tafin hannu gaba ɗaya, mai tanƙwasa yatsu yana dannawa da kansu, da mai riƙewa da 'yan yatsu kawai tafinsa bai taɓa ba. Na farko yana son babba mai tudun baya, na ƙarshe yana son ƙarami marar nauyi. Nauyi ma ya bambanta sosai: a maus ɗin Logitech, G502 Hero giram 121 ne, G Pro X Superlight kuwa kimanin 63. Mai zane yakan ji daɗin mai ɗan nauyi, mai wasan harbi yakan fi son marar nauyi. Ƙanwata, ke da hannunki bai kai na yayanki girma ba, kada ki karɓi wanda sai kin miƙe yatsa kafin ki kai maɓalli. Bahago kuma ya nemi wanda gefensa biyu iri ɗaya ne, ya sauya maɓallan a saitin Windows.

Ina jaddada wannan ne domin hannu ba a sayen wani. Akwai jijiyar da ta ratsa ta wuyan hannu zuwa babban yatsa da manuniya da na tsakiya. In ana danne wurin a bakin tebur awa da awanni, sai yatsun su fara dindiris ko tsira-tsira, musamman da dare. Ka daidaita kujera yadda gwiwar hannunka za ta yi daidai da tebur, ka motsa maus da dantse ba da wuyan hannu kaɗai ba, ka riƙa tashi kana miƙewa. Akwai maus masu tsayuwa a karkace, waɗanda ake riƙewa kamar ana musafaha, wasu suna samun sauƙi da su wajen aikin ofis. In ciwon ya ƙi tafiya, asibiti za ka je, sabon maus ba magani ba ne.

Mai waya ko marar waya? In kwamfutarka a tebur ɗaya take zaune, ɗauki mai waya. Ya fi araha, ba ruwansa da batir, ba shi da abin ɓatarwa. In kana yawo da laftof, marar waya ya fi, amma iri biyu ne. Mai Bluetooth ya isa aikin ofis, sai dai yana da ɗan jinkirin da mai wasa zai ji. Mai ɗan risiba da ake soka wa a USB ya fi sauri. Risiban nan shi ne ransa. A yawancin masu araha in ya ɓace, maus ya tashi aiki. Ka duba ko akwai ramin ajiye shi a ciki, kuma ka saba mayar da shi. Wajen wuta, a garin da ake iya ɗauke ta a yini ba a kawo ba, na fi natsuwa da mai cin batir AA guda ɗaya, wanda za ka samu a kowane kanti. Logitech na cewa M185 na kai wata 12 da batir ɗaya, G305 na wasa kuma awa 250. Mai batir a manne a ciki yana da daɗi da farko, amma bayan 'yan shekaru batirin ya yi sanyi, canza shi kuma aiki ne. Ka guji batir mafi araha, yana yoyo ya cinye ƙarafan ciki, kuma ka cire shi in za ka daɗe ba ka yi amfani da maus ɗin ba.

Duk abin da na faɗa zai tashi a banza in aka sayar maka da jabu, kuma sunayen da suka fi farin jini su aka fi kwaikwaya. Ko a Banex ne, ko titin Beirut a Kano, ko Computer Village a Ikeja, akwai 'yan kasuwa masu amana, akwai kuma waɗanda za su ce maka "orijina ne" alhali sun san ba haka ba ne. Wani ma zai gaya maka gaskiya in ka tambaya cikin ladabi: "Alhaji, tsakani da Allah, na kamfani ne ko kwafi?" Ka je da laftof ɗinka. Lambar da ke jikin kwali ta yi daidai da wadda ke ƙasan maus. In na wasa ne na Logitech, ka sauke manhajar G Hub tun daga gida. In na Razer ne, Synapse. Na asali manhajar za ta gane shi ta nuna sunansa, jabu kuwa shiru za ka ji. Sannan ka buɗe Paint, ka danne maɓalli ka zana da'ira a hankali, ka sake zanawa da sauri. Layin bai kamata ya yanke ko ya yi karkarwa ba. Ka danna folda sau ɗaya-ɗaya kamar sau ashirin, ka ga ko za ta buɗe da kanta. Ka juya taya sama da ƙasa a dogon shafi. Ka girgiza shi kusa da kunne, ka matse gefensa ka ji ko yana ƙara. Mai shagon da ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama cikin mutunci ka wuce na gaba. In farashi ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna, araha ba ta ado. Ka karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata, a rubuta kwana nawa aka ba ka na garanti. Saye ta intanet ma haka, ka gwada shi ranar da ya iso, tun lokacin mayarwa bai wuce ba.

Na hannu, wanda aka yi amfani da shi a Turai aka kawo, ba abin ƙi ba ne. Sau da yawa tsohon na asali ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Sai dai ka juya shi ka dubi 'yan tafin da yake sulɓi a kansu. In sun cinye, ya sha aiki, suwic ɗinsa ma ya yi nisa.

In ka samu na kirki, riƙonsa ba wuya. Ka sa masa shimfiɗa ta yadi, domin tebur mai kaushi yana cinye tafinsa, gilashi kuma yana ruɗa idon yawancinsu. Ka rufe shi da ƙyalle in ka tashi, musamman da hunturu. Ka wanke hannu bayan cin ƙosai ko tsire kafin ka koma aiki, domin mai da yaji suna gangarawa ta gefen taya. Lokaci-lokaci ka goge shi da auduga da ɗan sifirit, bayan ka zare shi daga kwamfuta ko ka cire batir.

Ranar da ya fara ninka danni kuma, kada ka yi saurin jefar da shi. Kusoshinsa galibi suna ɓoye a ƙarƙashin tafin nan ko takardar da aka manna a ƙasa. Suwic ƙafa uku gare shi, da dalma aka kama shi a jikin fanel, kuma duk mai gyaran waya da hannunsa ya faɗa zai iya cire shi ya dasa wani cikin 'yan mintoci. Ana sayar da sabbi, ana kuma iya ciro lafiyayye daga mataccen maus. Na maɓallin dama yakan fi na hagu sauran ƙarfi, domin ba a cika danna shi ba. Ka ce wa mai gyaran ya ɗaga tafin a hankali da ɗan zafi don a iya mayar da su, ya kuma busa ƙurar taya tun da ya riga ya buɗe. Ku da kuke koyon gyaran waya a Kuje, ku tara matattun maus daga shagunan buga takardu ku koyi wannan aiki a kansu; masu buƙatarsa suna nan kusa da ku, kuma a yanzu yawancinsu zubarwa suke yi su sake shiga mota zuwa Wuse.